Na Raka Duktura Mai Lissafi Garinsu

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta gamu da ni a Sharafiyya nan Jidda sai ta riƙe mini abaya, "Zulai, yaya ƙasar Sin? Da gaske suna cin kwaɗo?" Wadda ba ta gan ni ba ta aiko a waya. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ba ta iya karatun boko ba a karanta mata, halas, an gama.

Kafin komai bari in faɗi abin da ya hana ni sukuni tun ba a sayi tikiti ba. Ina tsoron in fita Jidda a rufe ƙofa a bayana. A nan unguwar Ammariyya aka haife ni, fasfona na Najeriya ne amma ban taɓa taka ta ba. Iƙamata, takardar izinin zama, a hannun matar da nake yi wa aiki take, ita ce kafilata, mai tsaya mini wurin hukuma. 'Yata Rahaf shekararta biyu da rabi, takardar asibiti kawai gare ta, ba fasfo ba iƙama, tun da aka kama babanta a wani samame aka mayar da shi gida kafin a gama maganar takardunta. Ita ba ta iya fita. Ni kuma in na fita aka hana ni shiga, shi ke nan an raba mu.

Matar da nake yi wa aiki 'yar Sin ce, Duktura muke ce mata. Ba zan rubuta sunanta ba, ko na rubuta ba za ku iya faɗa ba. Tana koyarwa a wata jami'a a bakin teku, arewa da Jidda, tafiyar sa'a guda a mota. Can nake kwana shida ina rainon 'yarta Dudu mai shekara ɗaya da wata biyu, ranar Alhamis in shigo gari wurin Umma da Rahaf. Mijinta yana aikin gina gada a wata ƙasa, ni dai a waya kawai na san shi.

Kullum kuna tambayata wace irin likita ce. Ba likita ba ce, lissafi take yi. Na daɗe ban gane ba, don ban taɓa ganin ta da kuɗi ko kaya tana ƙirgawa ba. Wata rana ina wanke-wanke ta ɗauki sosona, ta tsoma a ruwa, ta matse. Da ɗan Larabcinta mai tsalle-tsalle ta ce, "Zulai, duba. Dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa haka yake, duk ƙofofi. Ruwa da man fetur suna bi ta ciki, ba mai gani. Ni nake faɗin ta ina za su bi, da yaushe."

Na ce, "Da duba?"

Ta yi dariya har ta zauna a kan kujera. Ta ce da lissafi. Sai ta jawo wuƙa ta yayyanka mini soson nan, sabo fil, ƙanana-ƙanana kamar za a yi awara. Ta ce kowane gutsure ruwa nawa ya shiga masa, nawa ya fita zuwa maƙwabcinsa, shi ke nan tambayar. Amma gutsuren ba ashirin ba ne, sun fi mutanen Jidda yawa, don haka kwamfutar jami'a ke yi, wadda ta cika ɗaki guda. Kwamfutar tana kintatawa, ta duba kuskurenta, ta gyara, ta sake, har kuskuren ya ƙanƙance. Aikin Duktura shi ne nemo mata gajeriyar hanya wadda ba za ta ɓata ba. Ni ban samu wani soson ba sai ranar Alhamis.

Da ta ce za ta Sin kwana ashirin, akwai taron masu lissafi za ta yi jawabi, sannan ta je ganin uwarta, kuma tana so in bi ta saboda Dudu, sai na ce zan yi shawara da Umma. Na same ta da Khala Ladi maƙwabciyarmu suna tsince shinkafa.

Khala Ladi ta ce, "Ke Zulai, kina da hankali kuwa? Mace ta je garinsu ta ga uwarta, ta sha ruwan garinsu, kina cewa za ta dawo wannan zafin? Ta zauna abinta, ke kuma su ɗora ki a jirgin Legas."

"Khala, tikitin zuwa da dawowa ne."

"Tikiti! Takarda ce, ya binti, 'yar nan. Ni da na zo umara ba da na dawowa na zo ba? Shekara nawa ke nan?"

Umma ba ta ɗago kai daga faranti ba. Ta ce, "In kin ƙi, wata za ta ɗauka ta tafi da ita, ta dawo da ita. Ki je. Rahaf ba a hannun baƙo kika bar ta ba."

Aka yi mini bizar fita da dawowa. Na sa aka buga mini ita a takarda har biyu, ɗaya a jaka ɗaya a cikin rigar nono. Na sayi dabino da gwangwanin tuna a Sharafiyya, Umma ta daka mini yaji. Ana gobe tafiya Khala Ladi, wadda ta ce kada in je, ita ce ta zo da lalle ta zaunar da ni ta ƙunsa mini yatsu goma, wai ba za a ce 'yar unguwarsu ta shiga ƙasar mutane hannu fari kamar mai takaba ba. Rahaf ta yi ta jan ledar babban yatsana na hagu har ta cire.

A filin jirgin Jidda, ɗan jawazat mai buga hatimi ya duba fasfo ya duba ni. Ya ce, "Haihuwar Jidda?" Na ce eh. Ya buga. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Zan dawo ko?" ba.

Ya ce, "In kafilarki ba ta soke ba. Yalla, na baya."

Jirgi ba abin da zan ce a kansa. Dudu ta yi kuka, na yi ta zirga-zirga da ita tsakanin kujeru, Duktura ta buɗe kwamfutarta tana gyara jawabi har muka sauka Beijing.

Can ne lallen Khala Ladi ya yi aikinsa. Kowane baƙo sai ya ɗora yatsu a kan wani gilashi, na'ura ta karanta. Na ɗora, ta yi ja. Na sake, ta yi ja. Na'urar har magana take yi da Larabci, tana cewa in danna sosai, na danna har gilashin ya yi ƙara. Ma'aikaciyar ta kama hannuna ta juya shi, ta kira wata, waccan ta kira wani. Suka kawo tsumma mai jiƙe suna goge mini yatsu, sun zaci datti ne. Duktura tana can an riga an wuce da ita ta layin 'yan ƙasa, ina hango ta ta gilashi da Dudu a kafaɗa. Aka kai ni wani ɗaki aka ba ni kujera da kofin ruwan zafi. Ruwan zafi zalla, ba ganyen shayi ba sukari. Na riƙe shi ina jiran a kawo sauran kayan haɗin, ba a kawo ba. Daga baya na gane haka suke sha, ko ana zafi kamar na unguwar Bagdadiyya da azahar.

Sai da aka shigo da Duktura ta nuna wasiƙar jami'a, ta yi musu bayanin lalle. Aka sake gwadawa yatsa-yatsa. Babban yatsan hagu, wanda Rahaf ta cire wa leda, shi na'urar ta karɓa da farko, sauran aka yi ta fama har suka haƙura. Ma'aikaciyar da ta fara kama ni ta roƙe ni ta ɗauki hoton hannuna. Na ba ta.

Masaukin baƙin jami'a aka sauke mu. Tsaf yake, amma banɗaki ba buta ba tiyo, takarda kawai. Na yanke gorar ruwa na yi buta. Alƙibla a can yamma take, inda rana ke faɗuwa, kuma na fi kwana uku ina jin kamar na juya wa Ka'aba baya. Karin safe kuwa kunun shinkafa ne ba gishiri ba sukari, da ƙwai da aka dafa a ruwan shayi har ya yi launin ƙasa. Ban taɓa ba. Dabino da tuna na yi ta ci a ɗaki har Duktura ta lura, ta ja ni wani lungu ta nuna mini wani shago mai koren allo. Ta ce duk inda na ga irin wannan rubutun, na Musulmi ne. Na leƙa na ga mutum da farar hula yana jan ƙullun fulawa da hannu, yana ninkawa yana ja, har ya zama taliya sirara. Na yi sallama a hankali. Ya amsa cikakkiya har da wa barakatuhu. Na zuba yajin Umma a romon, ya zo ya ɗanɗana da tsinken cin abinci, ya yi tari, ya ɗaga mini babban yatsa.

Ranar jawabi na tsaya a bayan zauren da Dudu a goye, don in ta farka ba ta ga uwarta ba gari zai ji. Mutane sun cika. A bango aka haska hoton soson nan nata, amma mai launi, ja da shuɗi suna tafiya a ciki kamar an zuba zoɓo a madara. Ta yi magana da Turanci kusan sa'a guda. A layin gaba akwai wani tsoho siriri da tsohuwar riga, riƙe da kwalba mai ganyen shayi a ciki. Da ta gama ya ɗaga yatsa ɗaya ya yi tambaya, gajeriya, da yarensu. Zauren ya yi tsit.

Duktura ta tsaya. Ni na san tsayuwar nan, ita take yi a kicin in ta manta ta ɗora ruwa. Sai ta kashe hoton, ta ɗauki alli, ta juya wa mutane baya ta fara rubutu. Ta cika allo ɗaya, ta tura shi sama, ta jawo wani. Ta goge layi biyu da gefen hannu ta sake. Ba wanda ya yi tari. A allo na uku ta ja layi ƙarƙashin wani abu ta ajiye allin. Tsohon ya buɗe kwalbarsa ya kurɓa, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan aka tafa.

Da muka fito na ce, "Wane ne wannan da ya so ya kunyata ki?"

Ta ce, "Malamina ne. Tun daga garinmu ya zo." Hannunta duk alli ne. "Tambayar nan ya yi mini ina ɗaliba, ban iya ba."

Bayan taro aka yi walima, kuma a nan na ga abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar. Teburinsu zagayayye ne, da gilashi a tsakiya mai juyawa, abinci ya zo gabanka ka ɗiba ya wuce. Ni an ba ni nawa daga shagon mai farar hula, na zauna gefe da Dudu ina kallo. Wurin zama ba a zaɓa. Babba shi ke fuskantar ƙofa, sauran su jeru gefensa bisa girma, ƙarami ya ba ƙofa baya inda masu kawo abinci ke bugun kafaɗarsa. Duktura da ta yi jawabi, can kusa da ƙofa ta zauna. Sai shan abin shansu, giya ce, ba zan ɓoye muku ba. In biyu za su haɗa kofi, ƙarami dole bakin kofinsa ya zama ƙasa da na babba. To in sun kusa zama sa'anni sai rigima. Wannan ya sauke, wancan ya ƙara saukewa, har su kai tebur, na ga wasu biyu sun kai gwiwa suna dariya. Sai na tuna Umma da Khala Ladi ranar sallah, kowace tana son ta riga durƙusa wa Hajiya babba ta unguwarmu. Da Duktura ta je wurin malaminta da hannu biyu ta riƙe kofin, ta kai shi kusan gindin nasa.

Daga Beijing muka hau jirgin ƙasa zuwa Xi'an, garinsu, su suna cewa kamar Shi'an. Gudu yake kamar me, amma ruwan kofi ko motsi. A tasha na kwance zani na goya Dudu, kafin in ɗaure tsofaffin mata sun kewaye ni. Wata ta leƙa ta ga ko yarinyar tana numfashi. Wata ta ja ƙullin ta ji ƙarfinsa. Wata kuwa fatar hannuna ta shafa ta duba yatsanta. Ban ji haushi ba, na gaji ne kawai. A cikin jirgin wata ta ba ni jikanta da mayafinta wai in nuna mata, na goya mata shi, ya yi barci kafin tasha ta gaba.

A hanyar ne Duktura ta ba ni labarinta, tana kallon taga. Babanta malamin firamare ne a ƙauye, ya rasu tana sakandare. Ta ci jarrabawar shiga jami'a, tsohon nan ya gan ta a aji ya ɗauke ta cikin ɗalibansa. Shi ya rubuta mata wasiƙa zuwa Amurka. Ta yi shekara tara can, ta zama dakta, ta yi aiki ƙarƙashin wasu. Sai ta ji labarin babbar kwamfutar da ke jami'armu da kuma masu haƙar mai da ke son irin lissafinta, ta taho Saudiyya, shekara shida ke nan. Ta ce, "Yanzu malam zai ajiye aiki. Ɗalibansa ba su da mai riƙe su."

Na ce, "Allah ya ba su."

Na taɓa ƙirjina na ji takardar tana nan.

Uwarta, Lawlaw muke ce mata yadda Dudu za ta kira kaka, tana hawa na shida a wani tsohon bene ba lif. Ƙaramar mace ce mai saurin tafiya. Muna shiga, kafin ta gama sumbatar jikarta, ta ja ni kicin ta nuna mini tukunya sabuwa, katakon yanka sabo, wuƙa, kwano, tsinken cin abinci, duk da takardar shago a jiki. Ta ɗaura wa kowanne jan zare. Duktura ta ce, "Naki ne. Ba abin da ya taɓa alade. Naman rago ma unguwar Musulmi ta je ta saya." Ni da na yi aiki a gidajen da ake ware mini kofi don ƙyama, yau ga shi an ware mini don karamci. Na durƙusa na gaishe ta irin ta gida, ta ruɗe tana ɗaga ni.

An kai ni masallacin garin ranar Juma'a. Da ba don na ga rubutun Larabci a katako ba da na rantse gidan sarkinsu ne, rufi mai lanƙwasa da lambu da tsuntsaye. Na yi salla tare da wasu tsofaffi, ɗaya ta ji daga Jidda nake ta kama fuskata da hannu biyu tana kuka, tana cewa Makka, Makka.

Kwanakin nan Duktura kullum tana jami'ar malaminta tun safe. Ni da Lawlaw da Dudu muke yini. Da waya muke magana, ta faɗa da yarensu wayar ta faɗa mini da Larabci. Wata rana da hantsi muna naɗe nama a cikin ƙullun fulawa, irin ɗan sambusan da suke dafawa a ruwa, nawa duk suna fashewa, sai ta goge hannu ta ɗauki wayar.

Wayar ta ce, "Yaya 'yata take zaune a can?"

Na ce lafiya lau, alhamdulillah, gida mai kyau, ga teku, ana girmama ta. Abin da kowaccenmu za ta faɗa ke nan. Ko mutum yana kwance ka ce da sauƙi.

Ta saurara, ta girgiza kai. Ta sake magana. Wayar ta ce, "Da wa take cin abinci?"

Na gane inda aka dosa. Na san malamin yana ja, yanzu ga uwa tana neman igiyar da za ta ƙara. Kuma na san in Duktura ta bar Saudiyya iƙamata ta zama ba uwa ba uba. Da ta tambaye ni ko tana jin daɗi, da na ce eh, ban yi ƙarya sosai ba. Amma da wa take ci, wannan abu ne da nake gani da idona kwana shida a mako. Ga matar nan a gabana da gari a goshi, ga tukunyata mai jan zare a kan wuta.

Na ce ita kaɗai. A tsaye, gaban kwamfuta, wani lokaci sai na taɓa kwanon na ji ya huce in sake ɗumamawa.

"Wa yake zuwa gidan?"

Na ce ɗalibai, su kawo takarda su tafi.

"Ranar sabuwar shekararmu fa?"

Na ce ta yi irin wannan abin da muke naɗewa, da yawa, ta jera a tire. Ta kira ku a waya tana dariya. Da ta kashe ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da firij, ta daɗe. Sannan ta zuba su a leda ta sa a firiza.

Lawlaw ta ajiye wayar. Ta ɗauki ɗaya daga nawa da ya fashe, ta gyara masa baki da yatsu biyu, ta ajiye a layi. Ba ta ƙara tambaya ba. Abin da suka yi da 'yarta bayan nan ban sani ba, yarensu ne, kuma ba su ɗaga murya.

Ana jibi za mu taso malamin ya kira cin abincin rana. Saboda ni aka yi shi a gidan abincin Musulmi, ni ma aka ba ni kujera a teburin, kusa da ƙofa, Dudu a cinyata. Ɗalibansa sun kai goma sha, ga wasu manya biyu masu kwat. Duktura ta nufi kujerar da ke gefena. Sai tsohon ya tashi, ya zagayo da kansa, ya kama hannun rigarta. Ta ƙi. Ya ja, ta ƙi, tana magana da sauri tana sunkuyar da kai. Karo na uku ta bi shi. Ya zaunar da ita a kujerar da ke fuskantar ƙofa, tasa, shi ya koma ta gefe.

Shayi aka sha a wannan gidan. Ɗaliban suka taso ɗaya bayan ɗaya da kofi a hannu biyu, kowa ya kai nasa ƙasa da nata. Ta bar su. Ba ta sauke nata ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya fassara mini komai, ban kuma nema ba. Na ci gaba da ba Dudu taliya.

A jirgin dawowa ta rufe kwamfutar ta ce, "Zulai, akwai magana."

Na ce, "Na sani. Yaushe?"

Ta dube ni. "Wa ya faɗa miki?"

"Kujera."

Ta ce za ta gama wannan zangon karatu, ta sallami ɗalibanta biyu da suka kusa gamawa, wata huɗu ke nan, sannan ta tattara. Ta ce, "Ki biyo ni. Mama tana son ki, Dudu ba ta yarda da kowa. Zan nemi hanyar takardu."

Na ce, "Rahaf fa?"

Ta yi irin tsayuwar nan tata, a zaune. Na jira. Can ta ce duk wanda na samo zai karɓi kafalata za ta sa hannu a ranar, kuma za ta rubuta mini takardar shaida da Turanci da Larabci. Na ce na gode. Ban tambaye ta ko maganata da Lawlaw ce ta jawo ba, ita ma ba ta tayar ba. Wataƙila tun ranar allo uku aka gama, wataƙila tun kafin mu tashi daga Jidda.

A filin jirgin Jidda na ciro takardar daga ƙirji ta jiƙe da gumi, ɗan jawazat ko kallonta bai yi ba. Na ɗora yatsa, lallen ya riga ya koɗe, na'ura ta yi kore. Ya buga ya miƙo mini fasfo yana hira da na kusa da shi.

Na iso Ammariyya da la'asar. Rahaf ta gan ni ta ɓuya bayan Umma, ta ƙi zuwa, sai da na fito da ɗan abin wasa na roba, beyar mai baƙi da fari, da Lawlaw ta ba ni. Ta karɓa ta koma bayan Umma. Sai washegari ta hau cinyata.

Khala Ladi ta leƙo ta ce, "To, 'yar Sin, an dawo? Ban ce miki matar nan za ta zauna a garinsu ba?"

Na ce, "Ai ta dawo, Khala."

"Da ƙafa ɗaya." Umma ta riga ta faɗa mata. Ta zauna ta buɗe ledar ganyen shayin da na kawo ta shinshina. "Wannan ai ciyawa ce. Kwaɗon fa, kin ci?"

Ban ci ba, ban ma gani ba, ga amsarku.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Iƙamata tana da rai, ba ni da matsala da kowa, Duktura za ta sa hannu. Na iya raino, na iya girkinmu da na Larabawa, ina jin Turanci kaɗan. Wadda ta san gidan da ke neman mai aiki kuma za su karɓi kafala da gaske, ba su ce in fara tukuna a gani ba, ta faɗa wa Umma ko ta aiko mini. A cikin Jidda nake so, ko kusa, inda za a bar ni in zo wurin Rahaf ko da ranar Juma'a ce kawai. Kafin watan Rajab ya kama, don Allah.